Yaron da ke gudun tsintsiya

A yawancin makarantunmu na firamare, karatu ba ya farawa sai an yi shara. Kafin a buga ƙararrawa yara sun bazu da tsintsiya a hannu, wasu cikin aji, wasu a fili, monita yana tsaye da takarda yana rubuta sunan wanda ya zille. Idan lokacin hunturu ne, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, aikin ninki biyu ne, domin ƙurar da iska ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta kwana tana sauka a kan benci da daɓe. Daɓen kuma ya farfashe ya koma turɓaya. Yara goma su sa tsintsiya a ɗaki guda, tagogi a rufe saboda sanyi, nan da nan na bayan aji ya daina hango allo.

Duk wanda ya tsaya ya duba zai ga akwai wani yaro da kullum yake da dalili. Yau ya makara, gobe ya manta tsintsiya a gida, jibi ya tafi bayan gida bai dawo ba sai da ƙura ta lafa. In an kama shi an danƙa masa tsintsiyar, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jan ta a wuri guda, fuska a murtuke. Hukuncinsa a shirye yake a bakin manya: ƙiwuya ce. A gida ma haka yarinya take sha, ita da aka ɗora wa sharar tsakar gida da hura wuta: "Ke dai ba kya son aiki, a haka za ki yi zaman aure?"

Malalatan yara akwai su, kowane gida ya san nasa. Amma cikin masu gudun tsintsiya akwai waɗanda suka gano wani abu da babu wanda ya koya musu: duk ranar da suka sha ƙura da safe, da dare ƙirji zai kama. Ɗan shekara takwas ba shi da kalmomin da zai yi wannan bayani, kuma ko yana da su, ba a saba yaro ya tsaya gaban malaminsa yana kawo hujja ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙarya da zillewa, kuma a kansu ake masa bulala. Asma ce a ƙirjinsa, amma abin da idon manya ke gani hali ne.

Ya kamata mu san abin da ke faruwa a wannan ƙirji. Iska tana shiga huhu ta wasu ƙananan hanyoyi masu rassa. A jikin mai asma, bangon waɗannan hanyoyi yakan kasance a kumbure ko da yana zaune lafiya lau, kuma abu kaɗan ke tsokano shi: ƙura, hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin janareta, kashin kyankyaso, gashin kyanwa, iska mai sanyi, mura. Da an tsokano shi sai naman da ke kewaye da hanyar ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Shigar iska da wuya, fitarta ta fi wuya, shi ya sa ake jin ƙirjin yana fito. Mai son ya ɗanɗana ya zare cikin biro ya bar fankon, ya sa a baki, ya toshe hanci, ya gwada numfashi ta cikinsa. Babba ma bai kai minti guda zai cire. Yaron ba shi da abin cirewa.

Kuma abin ya fi tashi da dare. Hanyoyin numfashi sun fi tsukewa wajen ƙarfe huɗu na asuba, daidai lokacin da babu kemis a buɗe, babu mai adaidaita a titi, sau da yawa babu wuta. Yaro ya farka yana neman iska, ya dafa gwiwa, kafaɗu na ɗagawa. Ya dubi fuskar uwarsa a hasken tocila, wadda ita ce mai maganin komai a wurinsa, ya ga ita ma a firgice take. Uba na salati, kaka na tofa addu'a, ƙannensa sun farka suna kallo. Ɗan shekara bakwai ya san mutuwa, ya ga an fita da makara a unguwa. Abin da yake fahimta a wannan dare shi ne numfashinsa na iya ƙin zuwa, kuma manya ba su da tabbas. Ni ban san tsoron da ya fi wannan girma da za a ɗora wa ƙaramin yaro ba.

Ciwon yakan lafa da gari ya waye, ko bayan an je asibiti, kowa ya koma harkarsa. Tsoron kuwa yana nan, kama kawai ya canza. Yaron da yake kwana tare da yayyensa ya dawo yana manne da zanin uwarsa, ya ƙi a kashe fitila. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Wata ta riƙa kuka duk safiya in za a tafi makaranta, ta ce cikinta ke ciwo, alhali fargabarta kada abin ya tashi a aji Umma ba ta kusa. Sai a ce shagwaɓa ce, ko baki ne ya kama ta, ko iska ce ta shafe ta, a ɗebo garwashi a yi mata hayaƙi. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni takaici, domin an haɗa kyakkyawar niyya da abin da ke tayar da ciwon. Addu'a da tofi ba sa tsuke ƙirjin kowa. Hayaƙi a ɗaki rufe yana yi.

Maganar barci ba ta buƙatar dogon bayani. Magidanci ma in ya kwana biyu bai runtsa ba, kowa ya san yadda yake amsa gaisuwa. Yaron da tari ya tashe shi sau uku cikin dare zai zo aji yana gyangyaɗi, ko kuma ya zo da rawar kai da saurin fushi, don yaro in barci bai ishe shi ba sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa. Ga kwanakin da ya yi fashi. Ya dawo ya tarar an wuce rabawa a darasin lissafi, babu mai koma masa baya. Zango biyu a haka sun isa a sa masa sunan daƙiƙi, kuma abin baƙin cikin shi ma yakan yarda.

Masana sun daɗe suna auna wannan. A 2001 Elizabeth McQuaid da abokan aikinta a Amurka suka tattara bincike 26 da aka yi a kan yara kusan 5,000 masu asma. Suka tarar matsalar ɗabi'a ta fi yawa a cikinsu in an gwada da yara masu lafiya, kuma tana ƙaruwa gwargwadon tsananin ciwon. A 2007 Wayne Katon da tawagarsa a birnin Seattle suka duba matasa 'yan shekara 11 zuwa 17: kusan 16 cikin 100 na masu asma suna fama da cutar fargaba ko ta damuwa, a tsakanin marasa asma kuwa ba a kai 9 cikin 100 ba. A lura da ɗaya gefen lissafin, domin shi ma gaskiya ne: mafi yawan masu asma ba su da irin wannan matsala. Asma ba taɓin hankali ba ce, kuma ba ta rage wa yaro basira. Kaya ne mai nauyi, wasu yaran suna ɗauka su wuce, wasu yana danne su.

Akwai wani abu a binciken McQuaid da ya fi shafarmu. Damuwar da ke komawa ciki, wato fargaba da baƙin ciki da janye jiki daga mutane, ta fi wadda ke fitowa waje ta zama faɗa da rashin ji. To mu kuwa tarbiyyarmu tana yaba wa yaro mai shiru. "Yarinyar nan akwai hankali, ko motsinta ba ka ji." "Shi ba ruwansa da wasan banza, kullum yana ɗaki." Kunya da haƙuri da kawaici ado ne, ban ce a yar da su ba. Amma a ƙarƙashinsu yarinya tana iya shekara uku tana jin tsoron dariya da ƙarfi don kada tari ya sarƙe ta, tana ƙin shiga gaɗa da 'yar gala-gala, tana lissafin kuɗin da Baba ya kashe a kanta tana ganin ta zame wa gida wahala, kuma duk wannan a ɗauke shi nutsuwa. Mai ƙiriniya aƙalla ana ganinsa, ko da da bulala ne. Mai shirun babu mai tambayarta komai, sai yabo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, amma an koya wa 'ya'yanmu sunkuyar da fuska gaban manya. Saboda haka sai an tambayi baki, kuma wanda yaron ba ya jin nauyinsa ne zai tambaya: gwaggo, kaka, yaya, a lokacin da babu kowa, ba a tsakiyar tsakar gida ba.

Abin ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Yadda ƙirji ke taɓa zuciya, haka zuciya ke taɓa ƙirji. Kuka mai tsanani da firgita suna sa numfashi ya yi sauri, iska mai yawa ta busar da hanyoyin, su tsuke. A birnin Glasgow na Birtaniya, Seija Sandberg da abokan aikinta sun bi yara 90 masu asma, 'yan shekara 6 zuwa 13, har wata 18, suna rubuta tashin ciwon da kuma abubuwan da ke faruwa a rayuwar kowannensu. Sakamakon da suka fitar a 2000 ya nuna cewa bayan wani babban tashin hankali ya sami yaro, haɗarin tashin asma yana ƙaruwa a makonnin da ke biyo baya, kuma yana zuwa da wuri ga yaron da dama yake zaune cikin damuwa mai daɗewa. Irin waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu: uwa ta yi yaji, an yi saki an raba ta da 'ya'ya, an yi rasuwa, an ba da yaro riƙo, an kai shi makarantar kwana ko almajiranci wani gari. Mukan ce yaro ne, bai san komai ba, zai manta. Ƙirjinsa yakan ba da wata amsa daban. Malamin da ya zane mai asma saboda ya ƙi shara kuwa ya haɗa masa biyu a safiya guda, ƙura da kuka.

Sai dai a nan akwai rami, kuma likitocin Turai da Amurka sun taɓa afkawa ciki. A 1941 Franz Alexander da Thomas French, masana halayyar ɗan Adam a Chicago, suka yaɗa ra'ayin cewa asma kuka ne da yaro ya danne na neman uwarsa, wato tushen ciwon yana cikin dangantakarsa da ita. A birnin Denver aka yi wani gida na yara masu asma inda likita Murray Peshkin ya ɗauki raba yaro da iyayensa a matsayin magani, yaro ya yi wata da watanni bai koma gida ba. Da yawa sun sami sauƙi, aka ce ka gani, iyayen ne ciwon. Sai a 1964 masu bincike a ƙasar Holan suka gano wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama cikin ƙurar katifa da matashi, waɗanda ke cikin manyan masu tayar da asma. Denver kuwa gari ne a kan tudu mai busasshiyar iska, inda irin waɗannan ƙwari ba sa yawa. An raba yaro da katifarsa da hayaƙin gidansu, aka ɗora laifin a kan uwa.

Na kawo wannan tarihi ne don mu ma muna da namu salon. "Ke kika ɓata shi." "Ke kika sa masa tsoro." "A danginku ne ake wannan ciwo." Uwar da ta kwana a zaune da yaro a cinya, gari ya waye dangin miji su zo dubiya da irin wannan magana. Gaskiya ne asma tana bin jini, amma ta kowane ɓangare take bi. Gaskiya ne kuma uwar da damuwa ta cinye takan kasa bin ƙa'idar magani, yaronta ya fi yawan zuwa asibiti. Abin da wannan ke nufi shi ne a sauƙaƙa mata, uba ya karɓi wani dare, a daina yi mata gori. Tashin hankali yana tayar da asmar da ke jiki, ba shi ke haifar da ita ba.

Wani lokaci kuma halin da ake gani daga cikin kwalba ya fito. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana buɗe ƙirji, amma yana sa hannu rawa, zuciya ta yi ta bugawa, yaro ya kasa zama wuri ɗaya. Na sha, ƙwaya ko ruwa, ya fi na shaƙa yin haka, domin shi sai ya zaga jiki duka kafin ya kai huhu, kuma shi aka fi bayarwa a kemis don ya fi araha. Prednisolone yana ceton rai in ciwon ya yi tsanani, kwana kaɗan ake sha, amma a cikin kwanakin yana iya hana barci ya sa yaro faɗa da kuka ba dalili. Wanda ya mai da shi abin sha kullum ba da umarnin likita ba, yana cutar da girman yaro da ƙashinsa. Sai montelukast, ƙwayar da ake ba yara su tauna da dare. A watan Maris na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sa masa gargaɗi mafi tsanani da take da shi, saboda rahotannin mugun mafarki, tashin hankali, baƙin ciki, har da tunanin kashe kai ga wasu masu shansa. Yara da yawa suna sha lafiya. Amma uwar da ta ga ɗanta ya fara firgita cikin barci ko ya koma mafaɗaci bayan an fara masa sabon magani, kada ta tsaya neman wanda ya yi masa asiri. Ta ɗauki kwalin ta koma wurin likita a ranar, ta ce, "Likita, tun da aka fara wannan yaron nan ya canza."

Duk wannan ga wanda aka san ciwonsa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kashe 455,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ita ce cuta mai daɗewa da ta fi yawa a tsakanin yara. Wani bincike da aka fitar a 2024, wanda aka yi a makarantun birane shida na Afirka har da Legas da Kumasi, ya tambayi ɗalibai fiye da 27,000. Kusan 12 cikin 100 suna da alamun asma, kuma cikin kowane biyar daga cikinsu, huɗu babu likitan da ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu. A manyan birane ke nan, inda asibiti yake kusa. A wurinmu yaro yakan yi shekaru ana cewa sanyi ne, ko limoniya ce ke dawo masa, ana ta allura da maganin tari. Wanda ba a san sunan ciwonsa ba, halinsa ake sa wa suna.

Wanda aka sani ɗin ma yakan ɓoye. Mutane da yawa suna haɗa asma da tarin fuka, su hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da mai ita, alhali asma ba a ɗaukarta ko kusa. Wasu iyayen suna ƙin abin shaƙa, wai in yaro ya saba ba zai rabu da shi ba, ko wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da shi. Ba ya sa maye, ba ya kama jiki, kuma maganin da ke cikin shaƙa ɗaya bai kai na ƙwaya ɗaya yawa ba. In mace ce sai a ƙara da cewa kada a ji a gari, saboda gobe. Yarinyar da aka ce wa "kada ki kuskura ki fito da shi a gaban mutane" an koya mata cewa numfashinta abin kunya ne. Za ta zauna a aji ƙirji na tsukewa, magani yana cikin jaka, ta ƙi taɓawa. Ga kuma tsada: tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar naira, farashin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo. Yara suna jin lissafin da ake yi a ɗaki. Akwai mai danne tari don kada a sake kashe kuɗi.

Yanzu bari in juya ga iyaye masu tausayi, don su ma suna da nasu rabon. Shagwaɓar da ake faɗa wani lokaci gaskiya ce, kuma mu muke dasa ta. Bayan dare biyu ko uku na firgici, sai gida ya kewaye yaro: kada ya yi gudu, kada ya buga ƙwallo, kada a aike shi, kada a yi masa faɗa, kada a sa shi kuka. Yaro ba wawa ba ne. Ya ga tari yana buɗe ƙofar da roƙo bai buɗe ba, zai yi amfani da shi, kuma ba mugunta ba ce, dabara ce irin ta kowane yaro. 'Yan'uwansa suna kallo. Shi ake saya wa tsire, su ake sa wa aikinsa, in gidan 'yan uba ne kuma abin ya zama maganar ɗakuna. A ƙarshe a sami yaron da ba shi da aboki a waje, ba shi da masoyi a cikin 'yan'uwa, kuma ya gaskata cewa jikinsa ba ya iya komai.

Alhali manufar magani ita ce yaro ya yi gudu. Paul Scholes mai asma ne, ya buga wa Manchester United wasa fiye da 700. Haile Gebrselassie na Habasha ya ƙi shiga gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 saboda asmarsa da gurɓatar iskar birnin, amma a watan Satumba na shekarar ya kafa tarihin duniya a Berlin da awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59. Ya san abin da ke tayar masa, ya kauce masa, bai bar gudu ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da gida da makaranta. A cire wa yaro abin da ke tsuke masa ƙirji, a bar masa sauran nauyin da ke kan kowane yaro. Ba zai yi shara ba, to ya ɗebo ruwa, ya wanke kwanuka, ya tattara littattafai, ya je aike. Masu sharar ma a yayyafa musu ruwa a buɗe tagogi, huhunsu ba na ƙarfe ba ne. In ya yi rashin kunya a hukunta shi kamar kowa, cikin natsuwa, ba da duka ba. In ya yi tari lokacin da aka hana shi wani abu, a ba shi maganinsa, hanin kuma ya zauna yadda yake.

Mafi yawan wannan rikici yana raguwa in an shawo kan ciwon kansa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, wanda galibi shuɗi ne. Akwai mai kashe kumburin, irin su beclometasone, galibi ruwan ƙasa, wanda ake shaƙa kullum ko da yaro yana lafiya, a kuskure baki bayansa. Mutane suna riƙe na farko don suna ganin aikinsa, su yar da na biyu don ba sa jin komai, alhali na biyun ne ke hana farkawar dare. Ƙaramin yaro kuma ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi, maganin a harshe yake tsayawa. Akwai bututun da ake sayarwa don wannan, amma a 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita tana yin aikin daidai da shi: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a danna maganin ciki, yaro ya kama bakin gorar ya ja numfashi. A sa ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi. A kuma koya wa yaron da kansa, domin wanda ya san abin da zai yi in ƙirji ya kama, tsoronsa ba ya kai na wanda ke jiran a cece shi.

In an yi duk wannan, barci ya daidaita, tari ya tafi, amma bayan wata biyu ko uku yaro yana nan cikin fargaba ko baƙin ciki, ko yana ƙin makaranta, to wannan ciwo ne mai zaman kansa, a gaya wa likitan yara ƙarara, akwai masu duba shi. In kuwa yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana shigewa ciki, ko leɓensa da harshensa sun canza launi, ko ya fara lumshe ido ƙirjin ya yi tsit, a ba shi shuɗin a kama hanyar asibiti, ba a jiran asuba.

Kai kuma mai karatu, in akwai yaro a gidanka ko ajinka da ke tari da dare ba zazzaɓi, ko ƙirjinsa na fito in ya yi gudu, kai shi a duba shi a wannan makon. In kun shiga wurin likita kada ka tsaya a kan tarin kaɗai. Faɗi sau nawa yake farkawa, kwana nawa ya yi fashin makaranta, wane magani yake sha, wane wasa ya daina, da abin da ya canza a halinsa. Sannan ka yi shiru ka bar yaron ya faɗi nasa da bakinsa.